Ƙudan Zuman Maiwada Sun Dawo Gafasa

Zuwa ga Jami'i Mai Kula da Feshin Tsuntsaye, Shiyyar Gabas.
Daga Maiwada Mai Zuma, Gafasa, Ƙasar Gaya, ta hannun Malam Badaru.
12 ga Agusta, 1974.

Game da: Feshin da ake shirin sake yi a fadamar Gafasa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ladabi, mai ƙorafi yana neman afuwa in an ga rubutun nan ya karkace. Yana faɗa yana tsalle ne, magatakarda kuma yana dariya.

1. A ranar 3 ga Satumba, 1972, jirgin sama ya yi feshi a fadama don kashe jan-baki. Tsuntsayen suka tashi suka koma wata ƙasa. Ƙudan zuman Maiwada kuwa suka zube ƙarƙashin ɗorawa kamar ƙaiƙayi, kifin tafki ya juya ciki sama.

2. Da ya tambaya, aka ce manya ne suka yanke a wani taro can ƙetaren teku. Yana so a sani cewa maganin daga can ya zo, shawarar ma daga can, amma gawar a Gafasa aka share. Babu wanda ya tambayi Dagaci, balle mai amya.

3. Shekara biyu yana rataye amya babu kowa ciki, har matarsa Hure ta fara zuba gyaɗa a ɗaya.

4. Ranar Juma'ar da ta wuce, ranka ya daɗe, sun dawo! Taron ƙuda guda ya sauka a kan motar ma'aikacinku da ya zo duba wurin feshi. Ma'aikacin ya ruga ya bar hularsa, tana nan a adane. Maiwada ya kwashe su da hannu, ko harbi ɗaya babu, ya bi gida gida yana shela, har ya gai da surukinsa sau uku bai sani ba.

Saboda haka yana roƙon a dakatar da feshin bana, kuma duk taron da za a yi kan fadamar nan, ko a ina yake, a ajiye wa mutanen Gafasa tabarma. Yaransu za su kori jan-baki da gwangwani kamar da.

Ya so ya haɗo da ƙwaryar zuma, amma ƙudan ba su fara aiki ba tukuna. Ko za su fara, yana hannunka.

Naka mai biyayya,
Maiwada Mai Zuma (dangwalen yatsa)