Gudun Nagoda

Litinin, 1 ga Yuli

Alhamdu lillahi, Rauda ta samu aiki. 'Yar wajen Salmanu ɗana, wadda ta gama karatu ta zauna gida tana wanke-wanke har na fara jin nauyin haɗa ido da ita. Wani ɗakin fassara ne a Kwangila, inda ake cire bakin Turawa daga fim a sa na Hausa. Yau na ci tuwo har na nemi ƙari.

Abin da bai yi mini ba, wai zane take fassarawa. Zane mai motsi, irin na yara. Na ce duk karatun nan a kan 'yar tsana zai ƙare? Ta ce, "Angona, kai dai ci tuwonka." Ba ta da kunya yarinyar nan, tun tana goye.

Laraba, 3 ga Yuli

Ruwa tun safe. Gwiwa ta hana ni zuwa masallaci.

Asabar, 6 ga Yuli

Bayan la'asar Rauda ta shigo zaure da kwamfutarta, ta zauna bakin tabarmata fuska a ɗaure. Na ce ban son kallo. Ta ce ba ni ta kawo wa ba, iskar zaure ta biyo.

A zanen, wani ƙato ne mai tumbi, kai kamar tulu, da matarsa da 'ya'yansa. An jefa shi cikin wasan ƙwallon Amurka. Ƙwallon ma kamar gwanda take, kuma ba da ƙafa ake bugawa ba, runguma ake a ruga, ƙarti da hular kwano suna bangazar juna. Rauda ta ce rabin zancensu habaici ne, ga wani mawaƙinsu, ga tallan abincinsu, ga wani tsohon fim da duk ƙasarsu ta sani. "Mu nan wa ya san su? In na fassara yadda yake, ko kaza ba za ta yi dariya ba."

Na ce ba ruwana. Amma ido ba ya jin magana. Ta gefe na lura mutum ɗaya ake karewa, sauran suna buɗe masa hanya ya kai ƙarshen fili. Na ce wannan ai langa ce, sai dai su da ƙafa biyu suke yi, ragwaye. Ba ta ma san langa sosai ba. Jikata! Sai da na faɗa mata: kowa ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya, ya yi tsalle da ɗayar. Kowane ɓangare da mutum guda da ake kira ruwa, shi ake karewa har ya kai mashaya, wato ƙarshen fili, a ce ya sha.

Ina cikin bayani sai mai tumbin ya cafe gwandar, ya juya, ya sheƙa ta inda ba nan ne nasu ba. 'Yan uwansa na ihu, shi yana can yana rawa.

Ban san lokacin da na ce "Nagoda!" ba.

Dariya ta kama ni har da tari. Shi ke nan na kwance mata labarin. Muna samari, a dandalin bayan kasuwa, mu da 'yan Tudun Jukun, aminina Nagoda ne ruwanmu. Mun buɗe masa hanya fes, ni har haƙorina na bari a wurin, sai gogan ya juya ya yi ta tsalle zuwa wancan gefen, ya ɗaga hannu wai ya sha. Aka cinye mu. Har ya bar duniya in an tambaye shi sai ya ce kansa ne ya juya.

Rauda ta sumbaci hulata ta fita da gudu. Na daɗe ban yi dariya irin ta yau ba.

Talata, 16 ga Yuli

Inna lillahi.

Ina zaune wajen Salisu mai shayi, wani ɗan acaɓa ya shiga lungun da ba ya ɓullewa ya dawo. Sai Salisu ya ce, "Kai, ka yi na Nagoda!" Duk teburin ya fashe. Na ce wane Nagoda? Suka miƙo mini waya. Ga mai tumbin yana gudu, ga murya da Hausa tana cewa, "Jama'a, yau ga Nagoda ya dawo, ya sha a gidan mutane!"

Shayin ban ƙarasa ba.

Ni na yi wa Nagoda wanka. Ni na karɓi auren 'ya'yansa. Ni ne wanda in an yi gardamar iyakar gida ko waye kakan wane a Tudun Wada ake cewa a tambayi Ɗantsoho, don ba na ƙari, kuma ba na tona wanda ke kwance. Ga shi da bakina na miƙa aminina ga 'yan shayi. Kuma Hajiya Maijidda, matarsa, tana nan da ranta a lungun bayan masallaci.

Laraba, 17 ga Yuli

Na ce wa Rauda ta cire sunan. Ta ce, "Baba, ya riga ya shiga wayoyi, ko mai ɗakin bai isa ba." Baba ta ce, ba ango ba. Ta yi hawaye, wai ta ɗauka kyautar labarin na yi mata. To, ban ce ta sa ba. Ban kuma ce kar ta sa ba.

Wai saboda wannan wurin aka tabbatar mata da aikin.

Alhamis, 18 ga Yuli

Ta bakin titi na zagaya zuwa masallaci, da wannan gwiwar, don kar in bi ta lungun Hajiya Maijidda. Da azahar Isiyaku, babban ɗan Nagoda, ya yi sallama. Bai zauna ba. "Baba, Hajiya na son ganinka gobe."

Juma'a, 19 ga Yuli

Bari in rubuta wannan tun da ɗuminsa, ko da ajamin zai karkace.

Bayan an sauko na tafi, na shirya ban haƙurina tun daga gida. Na tarar da ita a tsakar gida kan darduma, jikoki sun kewaye ta, waya a cinyarta. Muka gaisa. Na fara, "Hajiya, abin da ya faru..."

Ta ce, "Malam Ɗantsoho, zauna tukuna. Kai ka ba su labarin marigayi?"

Na ce ni ne.

"To ka ba su rabi."

Na ɗago. Ta kori yaran, ba wanda ya tafi. Ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka ne. Ashe dariya.

"A wancan gefen da ya nufa, wa ke tsaye?"

Na ce 'yan Tudun Jukun mana.

"Da wa?"

Sai dandalin ya dawo mini: bishiyar ɗorawa, 'yan mata masu talla a gindinta.

Ta ce, "Ni ce da farantin gyaɗa. Ya yi ta aiko mini ina ƙi. Na ce masa in da gaske yake, ya bar mashayarsu ya zo inda nake a gaban kowa. Ni wasa nake. Sai ga mutum da ƙafa ɗaya yana nufo ni kamar zakara."

Jikokin suka kwashe da ihu. Wata ƙarama ta ce, "Hajiya, dama Alhaji yana gudu?" Su da sanda suka san shi, wasu ma hoto kawai.

Na ce, Hajiya, haƙorina fa? Ta ce, "Allah ya ba ka lada, da shi aka ɗaura auren."

Da dariya ta lafa sai ta yi ƙasa da murya. Ta ce ita ba ta taɓa kiran sunansa ba, kunya ta hana. 'Ya'ya Baba suke cewa, jikoki Alhaji, wanda aka sa wa sunan kuma Abba ake ce masa. Tun da aka fita da shi sunan ya bar gidan. "Shekaranjiya ina alwala na ji yaro a waje ya kira shi. Sai da na ajiye buta."

Na ce za a nemi hanyar cirewa. Ta ce, "Wa ya aike ka?"

Na fito jikina kamar an sauke mini buhu. Ta lungu na biyo. Gwiwar ma ban ji ta ba sai da na iso zaure.

Asabar, 20 ga Yuli

Nagoda, munafuki. Kai ne kanka ya juya? Muka tsufa tare ba ka faɗa mini ba. Allah ya jiƙanka, ya sa ka sha a can.

Rauda ta dawo cewa angona.

Talata, 23 ga Yuli

Har yanzu ina kan bakana: zane aikin yara ne, kuma wasan da ake sa hular kwano ba wasa ba ne.

Na dai tambayi Rauda ko za a iya tsayar da matar mai tumbin a wancan gefen filin, da faranti a ka. Ta ce zanen ba a taɓa shi, baki kawai ake canzawa. Na ce to a gaya wa masu zanen labarinsu bai cika ba.

Ta ce kashi na gaba a kan wani mawaƙi ne da ya manta waƙarsa a tsakiyar fili. Na ce ba ruwana. Akwai dai wani maroƙi da aka yi a nan unguwar, amma sai na fara zuwa gidansu na tambaya. Wa ya sani ko shi ma rabi na riƙe.

Na sa an share zaure. Ta ce bayan la'asar za ta zo shan iska.