Malam Ambrose, Wanda Ya Ƙirga Bakin da Muke Ciyarwa

Cikin alhini da nauyin zuciya, Ƙungiyar Mata Masu Sayar da Abinci ta Fagge da Sabon Gari, a ƙarƙashin shugabancin Uwar Ƙungiya, Hajiya Kubura Goni, tana sanar da 'ya'yanta da masu cin abinci a rumfunanta da sauran jama'a cewa ta sami labarin rasuwar Malam Ambrose Onyekachi, babban malami mai koyar da ilimin ƙididdiga ga ɗalibai masu neman digiri a fannin kasuwanci a nan Kano. Marigayin ya rasu ranar Talata, 10 ga Mayu, 1977, bayan jinyar kwana huɗu, yana da shekara arba'in da shida, ya bar maiɗakinsa, Madam Obiageli Onyekachi, da 'ya'ya uku.

Mai yiwuwa wasu su yi mamakin abin da ya haɗa masu tuƙa tuwo da malamin jami'a. Kamar yadda aka sani, ana shirin faɗaɗa titin da rumfunanmu tamanin da huɗu suke bakinsa, kuma ranar Alhamis, 26 ga wannan wata, kwamitin da aka naɗa zai zauna ya yanke shawara ko a ba mu wani fili kusa, ko a tashe mu kawai. An shaida wa kwamitin cewa mu 'yan ƙalilan ne, masu cin abincinmu ma ba su taka kara sun karya ba. Mu dai mun san ba haka ba ne, amma ba mu da abin nunawa. Marigayi ya ji wannan magana ne wata Asabar yana cin sakwara a rumfar Mama Nneka, inda ya saba zama. Bai yi mana alkawarin komai ba, sai dai ranar Litinin muka gan shi tafe da ɗalibai talatin da ɗaya 'yan shekarar farko, kowa da allon takarda a hammata.

A gabanmu ya ce da su: "Lambobin da ke cikin littafinku wani ne ya wanke su ya goge. Ku zo ku gan su da manja a jikinsu." Da farko mata da yawa sun ɗauka 'yan haraji ne, har wasu suka kife tukwane. Marigayi ya bi rumfa rumfa da Hausarsa ta haifaffen Sabon Gari yana cewa, "Inna, ba ruwanmu da lalitarki. Baki nawa kike ciyarwa, shi muke so mu sani."

Ƙungiya ba za ta manta da ranar ƙwarya ba. Ɗaliban ba za su iya zama a rumfa tamanin da huɗu kullum ba, don haka sai an zaɓi ashirin. Su ɗaliban sun riga sun zaɓi nasu, wato rumfunan da ke da inuwa da benci da waɗanda ake jin Turanci. Marigayi ya yage takardar da suka rubuta zaɓin nasu, ya sa aka rubuta sunan kowace mace a 'yar takarda, aka zuba a ƙwarya, aka cuɗa, aka kira wani ɗan dako da ke wucewa ya ciro ashirin idonsa a rufe. Sunan Uwar Ƙungiya bai fito ba. Hajiya Kubura, wadda ta shekara ashirin da biyu a bakin wannan titi, kuma ba a taɓa fara wani abu a nan ba a fara da ita ba, ta miƙe ta ce, "Malam, ni ƙwarya za ta tsallake?" Marigayi ya cire hularsa ya rusuna ya ce, "Hajiya, ranki ya daɗe, in na sa ki da hannuna, gobe za a ce abokaina na zaɓa. Ƙwarya ba ta san babba ba, shi ya sa kwamiti zai yarda da ita." Kwana uku Hajiya ba ta amsa gaisuwarsa ba. A na huɗu ta aika wa ɗalibansa da kular shinkafa da wake, kuma ita ce yau ta umarci a rubuta wannan labari ba tare da an rage komai ba.

Haka nan muna tuna ranar da wani ɗalibi ya zo da murna ya ce ya haɗa ya raba, ya gano kowace rumfa tana sallamar kwano ɗari da saba'in a yini. Mata suka fashe da dariya, Mama Agnes mai ƙosai da kunu ta ce, "Ɗana, in haka ne wa ke cinye nawa ɗarin?" Marigayi bai kunyata yaron ba. Sai ya jera matan ashirin a tsaye, daga mai ƙaramin ciniki har zuwa manya biyu masu dafa wa leburorin 'yan kwangila, ya ce da ɗalibin ya je ya tsaya a tsakiyar layi ya tambayi ta damansa da ta hagunsa kwano nawa suke sallama. Ɗaya ta ce tamanin, ɗaya ta ce tamanin da biyar. Daga nan ɗalibin ya ga yadda manyan tukwane biyu suka ja lissafinsa sama. An so a rubuta babban adadin kaɗai don ya fi burge kwamiti, amma marigayi ya ƙi, ya ce a rubuta duka biyun a kuma bayyana dalilin bambancinsu, domin ƙarya ɗaya in aka kama ta, za ta tafi da gaskiyar duka.

Mako shida ya yi yana zuwa a kan babur ɗinsa da zarar ya fito daga aji, a cikin zafin nan na bazara, kuma bai taɓa cin lomarmu kyauta ba, duk da magiyar da aka sha yi masa.

A madadin Uwar Ƙungiya da dattawanta da dukan 'ya'yanta, Musulmi da Kirista, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Madam Obiageli da 'ya'yanta, Uchechi da Ikechukwu da Veronica, da dangin marigayi na nan da na gida, da abokan aikinsa malamai, da ɗalibansa. Allah Ya ba shi hutawa, Ya ba iyalinsa haƙuri da ƙarfin zuciya, Ya raya abin da ya bari. Ranar Litinin mai zuwa ba za a hura wuta a rumfunanmu ba sai bayan azahar, domin mu je gaisuwa gidansa.

Akwai magana ɗaya da muka daɗe muna shawara kafin mu sa ta a nan, muna kuma neman afuwa. Ɗaliban sun zo mana jiya sun ce za su iya kammala rahoton da za a kai wa kwamiti da kansu, amma takardun ƙidayar duka suna cikin wani kwali a ɗakin karatun Malam. Mun ji cewa ranar Laraba iyali za su tafi da gawarsa gida Gabas, kuma ba za su dawo ba sai bayan zaman kwamiti. Idan Madam ta ga babu laifi, Mama Nneka za ta karɓi kwalin a rufe ta miƙa wa ɗaliban. Idan kuwa zuciyarta ko al'adar gida ba ta yarda a taɓa kayansa kafin a binne shi ba, ƙungiya ta riga ta yanke cewa za ta je gaban kwamiti hannu rabbana, kuma babu mace ɗaya a cikinmu da za ta ga laifinta.

Julie Zakka
Sakatariyar Ƙungiya
A madadin Uwar Ƙungiya, Hajiya Kubura Goni
Fagge, Kano, 13 ga Mayu, 1977