Yatsun Kakanka a Cikin Kwamfuta

Zuwa ga jikana Abdulrahim, angon da ya sake ni ba takarda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, ya tsare ka daga ruwan Fatakwal da abincinsu da ya mai da kai sillen kara. Mu nan Yerimaram lafiya lau. Yayarka Ummul-Khair ta sauka, an samu mace, hancinta irin naka ne sak, Allah ya ba ta haƙurin zama da shi.

To, maganar saƙonka, wai kakanka ya kaɗa maka jita a ɗauka, a sa ranar bikinka da Nuriyya. Kai ka jawo, sai ka saurara. Kwana uku tsohon ya yi yana goge jitar nan. Ran Talata muka hau keke napep zuwa shagon Chollom, mutumin Jos ɗin nan mai haɗa waƙoƙin biki a Bolewa. Ni kallo ya kai ni. Chollom ya manna wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashin wayoyin jitar, ya haɗa da kwamfuta. Ya ce sunan abin midi, ba sauti yake ɗauka ba, rubutawa yake yi: wace waya yatsa ya taɓa, yaushe, da wane ƙarfi. Na ce ashe magulmaci ne aka sa wa lantarki.

Tsohon ya kaɗa. Ka san rawar da hannunsa ke yi tun bara. Duk inda ya taɓa sai ɗan layi ya fito a gilashin kwamfutar, wannan ya yi gaggawa, wancan ya makara, ga wasu ƙanana barkatai kamar kashin awaki, na wayoyin da ya goga bai sani ba. Da ya fita alwala, Chollom ya share ƙananan, ya jera sauran tsaf kamar 'yan makaranta, ya roƙe ni in rufa asiri. Na yi niyya kuwa. Da aka kunna, kakanka har da ƙwalla, wai a ji, hannun bai mutu ba. Sai ya juya ya ce wa Chollom kada ya tambaye ni, wai ni da kiɗa da dakan turmi duk ɗaya ne a kunnena. Shekara arba'in da shida yana faɗa wa mutane haka.

Washegari ya ɗauko Mallam Kyari, abokinsa da suka yi kiɗa tare tun suna samari, don ya zo ya sha mamaki. Na bi su. Sai da Mallam Kyari ya gama jinjina masa, na ce Chollom ya kunna na kafin shara. Ya ce babu. Na ce ƙarya ba ta dace da mai zuwa coci ba, a gabana ya ajiye shi. Ya kunna. Ango, ka taɓa jin kaza ta faɗa cikin kwanuka? Mallam Kyari ya dinga kallon takalminsa. Kakanka ya dubi yatsunsa, ya cusa su a aljihu, ya fita ya bar jitar. Ni na rungumo ta har gida.

Yau kwananta tara jingine a bayan ƙofa, tsohon ko kallonta ba ya yi. Ya ce ba zai ƙara kaɗawa ba, kuma kada a aika maka ko ɗaya. Ummul-Khair ta ce na cika mugunta, na ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni dai na sa Chollom ya turo maka duka biyun a waya. Mai daɗin ba na kakanka ba ne, na kakanka kuwa ba ya rawuwa. Ka zaɓa, bikinka ne.

Ka gai da Nuriyya, ka ce ta riƙe ka da kyau, ni na gama da kai. Ummul-Khair da ƙanwarka Khairat suna gaishe ka. Kakanka bai ba da saƙo ba, gidan shiru yake yanzu.

Kakarka mai kunne,
Gogo