Duniyoyin Ilya

Villeurbanne, watan Oktoba

Zuwa ga Yaya Mai Moussa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Mardiya da ƴarmu Lina. Ya aiki, ya sanyin Paris? Mu nan Lyon ruwa ake yi kullum, sai godiya.

Yaya, tun ranar da kuka yi mini walimar gama karatu a gidanku na Sevran, maganarka ba ta fita raina ba. Ka ce kamfaninku na neman wanda zai ƙirƙiro sababbin duniyoyi a wasanku na ordinatar, wato kwamfuta, na tuƙin kumbo, kuma in na nuna abin da na iya, za ka sa a ba ni kontra, yarjejeniyar aiki, kafin takardar zamana ta ƙare a watan Afrilu. To ga abin da na fara.

Ta farko na sa mata suna Kawar. Duniyar gishiri ce, fara fat, tsohon teku ne da ya bushe daga sama, amma ruwa na nan kwance a ƙarƙashi. Wata biyu ke kewaya ta. Duk sa'ad da suka jeru, sai su ja ruwan ya taso, gishirin ya tsage kamar tsohuwar tukunya. Matuƙin da ya sauka ya kashe inji bai dubi sama ba, da shi da kumbonsa sai ƙasa.

Ta biyu Magariba. Ita kullum fuska ɗaya take ba rana, shi ya sa ɓari guda wuta ne, ɗayan ƙanƙara. Wurin sauka ɗan siririn tsakani ne kawai, inda rana ke rataye a bakin sama ba ta faɗuwa. Iska daga gefen sanyi take kaɗawa, ba ta tsayawa, dole a sauka a karkace.

Akwai kuma wani abu da na lura wasanku ba shi da shi. Matuƙi ba ya ɓata, na'ura ce ke nuna masa komai. Me zai hana guguwar rana ta kashe na'urar, mutum ya koma neman hanya da taurari yadda madugan ayarin gishiri ke yi a hamadar Tenere? Na gwada lissafin a ordinatar ɗina, yana yiwuwa.

Na yi magana da Inna ranar Juma'a. Ƙafar tana damunta, amma ta ce Tanti Biba na kula da ita. Na ce mata na kusa samun aiki a Paris, ta yi ta sa maka albarka.

Ka gaida Yaya Mardiya. Na gode, Allah ya bar zumunci.

Ƙanenka,
Ilya

*

Paris, watan Nuwamba

Ilya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Na duba. Bon, ba laifi, amma kada kanka ya kumbura. Irin waɗannan ra'ayoyin yara ƴan lise, ƴan sakandare, suna turo mana su kowane sati. Magariba tsohon zance ne. Ta gishirin ce kawai ke da ɗan rai, ita ma da gyara. Kai ɗan lissafi ne, ƙirƙira wani abu ne daban, kuma ba a koyar da ita a Villeurbanne. Kada ka ji haushi, ƙanen mata abokin wasa ne.

Turo mini dukan lissafin watannin nan biyu na Kawar, da zanen tsagewar gishirin, da yadda ka tsara maganar taurari. Kada ka sa sunanka a kan fishiye, wato fayil ɗin da za ka turo, shugabarmu ba ta son a ce na kawo dangi. Ni zan faɗa mata a lokacin da ya dace.

Na ji wai wani kamfanin famfunan ruwa a Lyon ya kira ka. Franchement, shekarun nan duka ka yi su ne don ka auna bututu? Ka ce musu a'a. In ka sa hannu a can, ba ruwana da kai a nan.

Sai na ji ka.
Mai Moussa

*

Villeurbanne, watan Janairu

Yaya Mai Moussa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina yi muku barka da shiga sabuwar shekara. Ya jikin Lina, murar ta sake ta?

Na bi maganarka, na ce wa masu famfo a'a. Matar da ta karɓe ni ta tsaya tana kallona, ta ce, "Ka tabbata? Mun shirya yi maka takardu." Na ce mata na tabbata, ina da yaya a Paris. Sun ɗauki wani abokin karatuna.

Yaya, jiya a cikin jirgin tram, wani saurayi kusa da ni yana kallon tallar sabon sashen wasanku a wayarsa. Sai ga Kawar! Gishirin yana tsagewa, watannin biyu a jere, kumbo yana nutsewa. Ko sunan ba ku canza ba. Ban san lokacin da na kama hannunsa na ce masa, "Ni na yi wannan" ba. Ya janye hannunsa ya koma wata kujera. Ban damu ba, ni kaɗai na yi ta dariya har tashar da zan sauka ta wuce.

Ga wasu na ƙaro. Akwai Zabuwa, wani ƙaramin wata mai ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo rami ne da ke feso ƙanƙara sama. Wanda mai ya ƙare masa zai ratsa cikin feshin ya ɗiba ya mayar da shi mai, in ya yi kusa da yawa kuma gilashinsa ya fashe. Akwai Maƙera, inda ƙarfe ke narkewa ya zama girgije, ya zubo kamar ruwan sama a gefen dare. Sannan ina ganin saƙon rediyo ya riƙa jinkiri gwargwadon nisan matuƙi da gida, har ya kai inda in ya nemi taimako amsar ba za ta iske shi ba sai ya riga ya yanke shawara da kansa. Duk na haɗa da lissafinsu, ba suna, yadda ka ce.

Sai maganar kontra. Ba matsa maka nake ba, amma perfektir, ofishin da ke ba da takardar zama, na son a ajiye dosiye, wato takardun nema, tun da wuri, kuma Afrilu ta matso. Ko takardar alkawarin ɗauka aiki ce a ba ni, ta isa.

Allah ya ƙara ɗaukaka.

Ƙanenka,
Ilya

*

Paris, watan Maris

Ilya,

Salam. Na ga kiranka da saƙonninka, sun yi yawa. Ina cikin aiki.

Gurbin an cike shi. An ɗauki Affan, ɗan Alhaji Umar Faruk na ofishin jakadanci. A nan aka haife shi, ba ya bukatar a yi masa wata takarda, kuma shugabarmu ta ga ya dace. Voilà.

Kafin ka fara kuka, bari in tuna maka. Ban taɓa rubuta maka cewa an ɗauke ka ba. Na ce zan duba, na duba. Maganar "duniyoyina" da kake ta aiko mini a waya kuma, ka daina. Zance ka kawo, mu muka mai da shi wasa. Mutum nawa suka zauna a kan Kawar kafin ta zama abin da ka gani a tram? A buro, nan ofishinmu, kowa ya san ni na kawo ta, kuma haka za ta zauna.

Ka ce za ka rubuta wa shugabarmu. Rubuta. Fishiyen ba su da sunanka. Kuma ka tuna na san da sunan wa ka yi aikin kai abinci a keke shekarar da ta wuce. Ban so in faɗa wa kowa, kada ka sa ni.

Na yi magana da Inna. Na ce mata aikin bai yiwu ba saboda ka fi ba wasan ordinatar lokaci a kan neman aiki. Gara ta ji haka da ta ji ka zagi mijin yayarka.

Ka nemi tikiti tun kafin a aiko maka da takardar fita. Ya fi mutunci.

Mai Moussa

*

Rillieux-la-Pape, watan Afrilu

Yaya Mardiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Lina.

Kin daina ɗaukar wayata, shi ya sa na rubuto. Na bar ɗakina na Villeurbanne, ina kwana a falon wani abokina a nan Rillieux. Na koma wajen masu famfo, suka ce gurbi ya cike. Takardata ta ƙare ranar Litinin.

Na haɗo miki duk wasiƙun mijinki, ki karanta da idonki. Yaya, ba ni da kowa a ƙasar nan sai ke. Ke kika goya ni. Ki yi masa magana, ko ya gyara ƙaryar da ya yi wa Inna. Da na kira ta ce mini ta yi, "Ilya, wasa ka je yi?" ta ajiye waya.

Ina jiran amsarki, don Allah.

Ƙanenki,
Ilya

*

Sevran, watan Afrilu

Ilya,

Wa alaikumus salam. Lina tana gaishe ka.

Ba sai na karanta wasiƙun ba. Ina zaune kusa da Baban Lina ya rubuta ta farkon.

Tunda kana son gaskiya, ga ta. Ciwon Inna ba ƙafa ba ne kawai. Ɓarin jikinta ne ya fara shanyewa tun damina, ita ce ta ce a ɓoye maka har ka gama jarrabawa. Tanti Biba ta gaji, mijinta ya ce ta koma Maraɗi. Cikin waɗanda Inna ta haifa, mu biyu muka rayu. Dole ɗayanmu ya koma Damagaram.

Ranar walimarka na ja ka kicin na ce, "Ilya, ba za ka koma gida ka ɗan zauna da Inna ba?" Ka tuna abin da ka ce? Kana cin nama kana dariya, ka ce, "Ni da Damagaram sai hutu, Yaya. Ke ce mace, ke ta fi bukata." A nan na gane in aka bar maka zaɓi, ni za a tura.

Ni na sha wahalar ƙasar nan kafin ka zo. Na wanke tsofaffin Turawa da hannuna ina karatu. Yanzu ina da aikina a labo, ɗakin gwaje-gwaje, da aurena, da ƴata tana karatu a lakwal. Kai me kake da shi? Jaka ɗaya da ordinatar.

Shi ya sa na ce wa Baban Lina ya riƙe ka da maganar aiki har takardarka ta ƙare. Ni na ji labarin masu famfo a bakinka na kai masa. Maganar duniyoyin tasa ce, ban san za su yi masa amfani haka ba, kuma ban ga abin ɗaga murya a kan gishirin da babu shi ba, alhali uwarka ba ta iya kai loma bakinta.

Ba zan ba ka haƙuri ba. Da za a sake, haka zan yi. Na saya maka tikiti daga Lyon, yana cikin imel ɗinka. Akwai akwatin magani da zan aiko da shi ta hannun wata ƙawata, za ta iske ka a tashar jirgin ƙasa ta Part-Dieu.

Ka je ka nemi albarka. Wata rana za ka gode mini.

Yayarka,
Mardiya

*

Paris, watan Satumba

Ilya,

Salam. Ya Damagaram, ya jikin Inna? Mardiya ta ce duk sa'ad da ta kira ka kana ce mata da sauƙi, amma Inna na barci. Alhamdulillahi.

Bon, abin da ya wuce ya wuce, mu dangi ne. Sashen ya fito, mutane sun haukace a kan Kawar da Zabuwa, an ƙara mini matsayi. Yanzu ana son wani sashe kafin ƙarshen shekara. Tunda kana da lokaci, turo mini duniya huɗu ko biyar. A yi mai zobe, masu wasa na son zobe. Magariba ma ka turo lissafinta, na canza ra'ayi.

In sun yi kyau zan aiko maka da sabuwar waya.

Mai Moussa

*

Damagaram, watan Oktoba

Yaya Mardiya,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri.

Kawu Hassoumi ya ce da ya kira ki ya faɗa miki rasuwar Inna, kin faɗi a wurin aiki, kuma tun ranar kina tambayar kowa me ya sa ba a sanar da ke jikin ya yi tsanani ba. Ki daina tambayarsu. Ni na ce musu na riga na faɗa miki, kin ce aiki ya riƙe ki.

Ta daɗe tana jinya a hannuna. Na ɗaga ta, na wanke ta, na ba ta abinci, ta yafe mini tun satin farko. A kwanakinta na ƙarshe ke take nema. Takan ce, "Kira mini Mardiya." Sai in fita tsakar gida da waya in ɗan tsaya, in dawo in ce ba ki ɗauka ba. Ranar Talata da safe ta ce, "To, ka bar ta." Ba ta sake ambaton ki ba har ta cika da azahar.

Mun binne ta kusa da Baba.

Ki ce wa mijinki na ga wasiƙarsa. Ki gaida Lina.

Ilya