Ba Komai, Wuce

Magajin Gari,
Birnin Gwari.

Zuwa ga 'yata Huraira,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Ni ma da sauƙi, sai gwiwa. Kunnena ya ƙara nauyi, a waya hayaniya kawai nake ji, shi ya sa na ba Mainasara direba takarda.

Kin tambayi wanda ke ɗebe mini kewa. Obed ne, abokina tun makarantar elamantare. Tun bara da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu ta wajen Randagi, shi da mutanen ƙauyen suka yi makonni a ɓoye cikin kurmin bakin rafi, ya dawo gari wajen ɗansa. Kullum da hantsi yana zuwa mu yi dara. Tun rasuwar mahaifiyarki, in ba shi ba, babu mai zama a zauren nan.

Ga albishir: na fara cinye shi. Mutumin da tun muna yara ban taɓa ci ba. Yanzu sai ya ɗauki ɗan dara, barci ya kwashe shi da abin a hannu. Na ce masa tsufa ya tsallake ni ya kama ƙanena. Mutanen gidansa ma sun ce tsufa ne, da zazzaɓin da ke zuwa yana tafiya.

Ki gaida kowa. Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Ja'afaru

Zuwa ga 'yata Huraira,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yafe mini rubutun nan, cikin gaggawa na yi shi.

Kin sha yi mana dariya kan yadda muke gaisawa da Obed, kowa ya kama wuyan ɗan'uwansa. Ban taɓa gaya miki mafarinsa ba. Muna yara, ma'aikatan ciwon barci kan zo su jera mu a filin makaranta, su laluba bayan wuyan kowa suna neman kaluluwa. Wanda ba a samu ba sai a ce masa, ba komai, wuce. Muka mai da shi wasa, har muka yi furfura ba mu daina ba. Ciwon kansa ya ɓace, yaran yanzu ko sunansa ba su sani ba. Tun da ya dawo gari ban taɓa wuyansa ba, saboda a zaune yake samuna, tashi yana mini wuya.

Jiya ya sunkuyo zai gyara mini matashi, na kai hannu don wasa. Huraira, na ji ta. Kaluluwa ce ƙarƙashin ƙeya, tana motsi a yatsa kamar gyaɗa. Ya tsaya yana jiran in ce wuce. Na tambaye shi ko ƙudan tsando, mai kawo ciwon, ya cije su a kurmi, ya ce har sun gaji da kora.

Ni ba likita ba ne, amma na ga waɗanda barcin nan ya ɗauka bai dawo da su ba. Ɗansa ya yarda ya kawo shi Kaduna ranar Alhamis. Ki sauke su, ki raka su asibiti, ki ambaci kurmi da tsando da bakinki, don Obed zai ce lafiyarsa lau. Ba ya cin yaji. Ki riƙe shi kamar ni ne na zo.

Dukan cin da na yi masa na soke shi.

Mahaifinki,
Ja'afaru

Zuwa ga 'yata Huraira,

Bayan gaisuwa, takardarki ta iso, Obed ma ya iso. Allah Ya saka miki, Ya ba ki masu yi miki. Ya ce kin tsare shi sai ya ci tuwo kafin ya haɗiyi ƙwayoyin, har yana kiranki sajan. Na gode wa likitan da ya saurare ki, ya nemi a yi gwajin, aka gano ciwon barcin ne. Na fahimci za a riƙa mai da shi ana dubawa.

Kwanakin da ba ya nan, ban share gurabun dara ba, kaji suka tone su. Ban gaya miki ba don kada ki damu, amma abinci bai shiga sosai ba.

Ya rame, sai dai idonsa a buɗe yake. Na dafa bango na miƙe, na laluba wuyansa sosai, kaluluwar ta saɓe. Na ce masa ba komai, wuce. Ya ce shi ba inda zai wuce, a gyara gurabu.

Tun daga hantsi har azahar yake cinye ni, bai yi ko hamma ba. Ki taya ni godiya ga Allah.

Ki shafa mini kan yara.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Ja'afaru