Ɗana ya iya karatu amma yana ɓoyewa don kada a sallame shi

Assalamu alaikum Anti Najwa. Don Allah ki taimaka mini da shawara, abin nan ya tsaya mini a rai.

Ni matar aure ce a Gwagwalada, ina sayar da kunu da ƙosai. Ban yi boko ina yarinya ba, sai da na haifi 'ya'ya uku na shiga ajin yaƙi da jahilci, har yanzu kuma da yatsa nake bin layi.

Ɗana Ammar ya kai aji uku bai iya haɗa baƙi ba. Zai kwafe allo tsaf, amma a ce ya karanta sai ya sunkuyar da kai. Na sha kuka a kan haka, don na san inda hanyar nan take kai mutum. Sai Allah ya kawo wasu 'yan sa-kai makarantarsu, suna zuwa ranar Asabar, kowa da 'yan yaransa kaɗan. Ammar ya faɗa hannun Baba Thaddeus, wani dattijo Kirista da ya yi ritaya daga wata masana'anta a Idu. Ba duka, ba tsawa. Kwalayen sabulu da na biskit yake tarowa, su zauna gindin mangwaro suna karanta abin da ke jiki. Ranar da muke cikin Keke Napep Ammar ya karanta mini allon asibiti da bakinsa, sai da direba ya waiwayo yana tambaya ko lafiya, don hawaye nake. Ko sisi bawan Allahn nan bai taɓa karɓa ba. Kullum yana cikin addu'ata.

To ga matsalar. Ƙa'idarsu ita ce duk yaron da ya karanta shafi guda a gwaji, a ba shi kyautar littafi a sallame shi, wani ya maye gurbin. Ammar ya faɗi gwajin, ya sake faɗuwa, alhali a gida shi ke karanta wa ƙanwarsa labari. Wata Asabar na je na tsaya daga baya. Anti, ni na san tuntuɓen gaskiya, na yi shi: baki na motsi ba murya, ido na komawa farkon layi, gumi na tsattsafowa. Ammar kuwa sai ya wuce doguwar kalma sumul, ya tsaya a kan ƙarama, ya saci kallon fuskar Baba, sannan ya faɗe ta a karkace. Da na tsare shi a gida ya fashe da kuka, ya ce in ya ci, Baba zai daina zama da shi. Mahaifinsa direban babbar mota ne a hanyar Lokoja, ganinsa sai an dace.

Na yi shiru ban faɗa wa kowa ba. Amma maƙwabciyata tana yawan tambayata ko gurbi ya samu, don 'yarta Sumayyah tana jira. Ran nan kuma Baba Thaddeus ya tare ni yana ba ni haƙuri, wai wataƙila koyarwarsa ce ba ta dace da yaron ba. Na rasa inda zan sa kaina don kunya. Gaskiya ni ma ina tsoro. In aka sallame shi, hannuna zai dawo, kuma ya riga ya fi ni sauri. In ya koma baya fa? In faɗa, ko in bari ya ƙara ko da zango ɗaya ne?

Uwa mai fargaba, Gwagwalada

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Barka da arziki, ɗanki ya iya karatu. Ki fara riƙe wannan.

Ban ga laifin zuciyar Ammar ba. Ya samu babba mai zama ya saurare shi, ba ya son rasawa. Tsoronki ma na gane shi. Amma shirun yana cutar da mutum uku: Sumayyah da ke jira, dattijon da ya fara zargin kansa a kan aikin da ya yi kyau, da Ammar, wanda yake koyon cewa ana samun kulawa ta hanyar nuna gazawa. Wannan ta ƙarshe ta fi ba ni tsoro. Ki faɗa.

Sai dai kada ki tona wa Ammar asiri ta bayan fage. Ki gaya masa cewa Asabar mai zuwa tare za ku je, shi zai karanta shafin da kyau, ke kuma ki yi wa Baba bayanin dalili a gefe, ba a gaban yara ba. Ki bar masa hukunci, shi ya san ko akwai sauran gyara. Ki kuma roƙe shi ya gaya wa yaron da bakinsa cewa sallama ba kora ba ce, ya bar shi ya riƙa zuwa gaisuwa da aron littafi. In mahaifin Ammar yana hanya, a kira shi a waya yaron ya karanta masa ko layi biyu ne.

Ke kuma, Ammar ya wuce neman mai koya masa baƙi, mai sauraro yake buƙata. Ki zaunar da shi kusa da kaskonki ya karanta, ki tambaye shi me ya faru a labarin. In ya gyara miki kalma, ki gode masa. Uwar da ta zauna a aji da goyo a baya ba za ta kasa wannan ba.

Ki je ki ba dattijon nan albishir, ya daina ba da haƙuri a kan aikin da ya gama. Allah ya saka masa da alheri, ya raya miki Ammar da 'yan'uwansa.

Anti Najwa