Harafin da Ya Ɓace a Jikin Rigileta

Daga Babban Injiniyan Gas na ƙasar Daura, zuwa ga Malam Hamisu a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya iyali, ya ruwan Kudu? Mahaifiyarka tana nan lafiya.

Bayan haka, mun duba janaretan shagonka mai aiki da gas. Abokinka Tanimu bakanike ya cire rigileta mai daidaita fitar gas daga tukunya, wai zai wanko ta a Mai'adua. Ta dawo tana ƙyalli, amma ha mai ruwa, harafin farkon sunanka a ajami da ka zana mata da ƙusa, babu shi. Wane irin wanki ne yake cin ƙarfe? Mun shafa ruwan sabulu a bakinta, sai ga kumfa tana tashi. Tanimu ya ce wai numfashi take yi. Mun rufe tukunyar gas, domin katanga ɗaya ce tsakaninta da murhun Inna. Ka kira shi ya dawo da taka, mu ba ya jin maganarmu.

A sa mu a addu'a, a gaida maiɗakinka da yara.

Yaya, babu wani injiniya, ƙaninka Sabi'u ne. Da na sa sunana a sama, da ka ce tsokanar da na saba ce. Amma kumfar nan, wallahi, gaskiya ce.